Aikin Dare a Łódź

Ƙarfe biyun dare. Taragon ƙarshe ya wuce,
dusar ƙanƙara na lasar gilashin taga.
Daga ni sai tukunyar ƙarfe
sai allurar ma'auni mai hawa kamar an yi mata dole.

Abin da ke cikin tukunyar folitilin ne,
robar nan dai ta leda da kowa ke yarwa a bola.
Ranar da na kama aiki Zdzisław ya ce,
"Bogumiła, kada ki raina ta.
Sarƙoƙi ne a cikinta masu tsawon tsiya,
kuma ba sa manta abin da aka yi musu
a lokacin da suke daskarewa."

In an narkar da ita aka bar ta ta huce don kanta,
sarƙar kan naɗe, ta je ta dawo, ta je ta dawo,
kamar zanen gado da aka ninke za a sa a akwati.
Falle kan falle, tsakaninsu cukurkuɗe.
Shi ya sa leda ke da sanyin hali,
ka ja ta, ta biyo ka.

Yau na ɗora mata nauyi,
ninki dubu biyar na iskar da ke bisa kafaɗunmu,
ga zafi ya haura digiri ɗari biyu da talatin.
A wannan ƙunci ne, wai, suke samun sulɓi.
Su zame ta gefen juna,
su warware ninkin,
su miƙe sambal har ƙarshen tsawonsu.

Da asuba na buɗe.
Ɗan farin abu kamar haƙorin yaro.
Ya ƙara nauyi, ya ƙara taurin kai a gaban wuta,
komai nasa a jere, babu karkata.
Na matse shi da filaya kaɗan,
ya ruguje kamar alli.
Kowace sarƙa ta miƙe don kanta,
babu mai riƙe da hannun maƙwabciya.

Ɗaya guntun kuwa ɗumama shi na yi,
inji ya ja shi a hankali, ninki talatin,
har ya koma zare mai sheƙin azurfa.
Ta tsawonsa, rataya masa buhun dankali, ko gezau.
Ta gefe, farce ma ya ishe shi:
sai ya tsage sili-sili.

Nan na tuna Genowefa, uwata.
Shekara talatin da ɗaya a gaban masaƙa
a gidan jan bulon nan da ke hayin titi,
ƙurar auduga a gashinta, kunne ɗaya ya mutu.
Ba ta taɓa rusuna wa shugaban aiki ba.
Bayanta a miƙe kamar sandar tuta
har hunturun da aka rufe masana'antar.
Ba ta ga bazara ba.
Ita ce ke cewa zaren tsaye shi kaɗai
bai taɓa rufa wa kowa asiri ba.

Ban rubuta wannan a littafin gwaji ba.
Na rubuta nauyi, na rubuta zafin narkewa,
na share garin da ya zube da gefen hannuna.

A aljihun kwat ɗina akwai ledar burodin jiya,
duk ta yamutse.
Na ciro ta na ja.
Ta miƙe, ta yi fari a tsakiya,
ta ci gaba da miƙewa.