Ƙarƙashin Kujerar Baya

A garejin Mista Pendry, can gefen Coventry,
ruwa na dukan kwano tun Litinin.
Motar ta girme ni da shekara goma sha ɗaya,
kujerunta sun tsattsage kamar faso.

Na baza guntayen fata bakwai a benci.
Duk ja ne, in ji ido.
Littafin kamfani ya ce ɗaya tak,
amma baƙin mai ya cinye rabin lambar.

Matar marigayin ta zo tana dogara sanda.
"Sa mai taushi, bayana ya gaji."
Pendry ya girgiza kai: ba haka ta fito ba.

Ni jikan dukawa ne.
Na cusa hannu ƙarƙashin kujerar baya,
inda rana ba ta taɓa leƙawa ba,
na yanko ɗan ƙyalle, bai fi farce ba.
Ja mai duhu, zoɓon da ya kwana.

Ta shinshina. Ta daɗe.
"Ranar da ya kai ni Whitby," ta ce,
ba ta ƙarasa ba.

Na zura zare.
Ɗinki shida kowane inci,
yadda wani ya yi kafin a haife ni
bai bar sunansa ba.