Matakala Bakwai

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune
bakin laburaren Aboabo, gindin mangwaro,
da basilla da zare da gwangwanin gam.
Mutanen unguwar nan, kafin in san fuskarsu
na riga na san diddigensu.

Ran Talata Memunatu ta zo da igiyar awo
da takarda mai faɗin tabarmar salla.
Ta shimfiɗa kan bencina, ta danne da takalmin wani.
Ta ce, “Baba Issaka, za a gyara ƙofar nan.
Nan ciyawa, nan furanni, nan fitila mai cin rana.”
Ni boko bai san ni ba,
amma na duba, ban ga mangwaro a ciki ba,
inda babu mangwaro kuwa, ni ma babu.

Ban ce uffan ba. Na ja zarena.

Kwamiti ya zauna a inuwar da za su sare.
Opanin Frimpong na son ginshiƙai biyu da farin fenti.
Hajiya Abiba ta ce katanga tukuna, saboda awaki.
Wani ya ce a rubuta suna da harshe uku,
Turanci, Tonanci, Hausa,
suka ci awa guda kan wanda zai hau sama.
Sidin da ke asusu kuwa
ko siminti bai gama saya ba.

Da suka watse yarinyar ta tsuguna kusa da ni.
“Kai da ke nan kullum, me ka gani?”
To, tunda an tambaya.

Ruwan Yuni daga Asawase yake gangarowa,
ba ya sallama, nan yake kwana.
Katakon da ke kan kwatar nan
ya ci silifa fiye da ɗari, ni nake ɗinkewa.
Tuwona ne, na sani. Duk da haka a rufe ta.

Matakala bakwai ne, ta uku ta fi sauran da yatsa biyu.
Babu makon da ba ta fasa gwiwar yaro.
Mutawakilu yana zuwa da kekensa duk Asabar,
ya tsaya a ƙasa, a miƙo masa littafi
kamar mai sayen magani ta taga.
Bai taɓa zaɓa da hannunsa ba.
Ku yi masa gangara, ba mai tsayin fushi ba,
wadda mutum zai hau ba sai an tura shi ba.

Furanninku kuwa, kalacin akuya ne.
Ku dasa bini-da-zugu, ba ta kusantarsa.
Benci ya dubi gabas,
tsofaffi da hantsi suke karanta jarida.

Tana ta rubutu, sai ta ɗago.
“Kai ka taɓa shiga?”
Na nemi basillata, alhali tana hannuna.

Bayan mako biyu ta dawo da sabuwar takarda.
Ta ɗora yatsa kan wani da'ira: “Mangwaro.”
Gefensa ɗan murabba'i kamar ƙwayar suga.
Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.
Ginshiƙan Opanin sun tafi, yana fushi har yau.
Kuɗin gangara da murfin kwata kawai aka samu.
Fitila sai baɗi, in Allah ya kai mu.

Jiya suka kafa turaku, suka ja farin zare
daga bakin titi har ƙofa.
Bayan magariba, da turoturo suka rage ihu,
na bi tsakanin zaren nan a hankali.
Taku ashirin da huɗu.
Ta gilashi na hango kantoci, jere, shiru,
da fankar da wani ya manta bai kashe ba.

Na sunkuya na dubi ƙafata.
Ashe maɗaurin takalmina a tsinke yake,
ban san tun yaushe ba.
Gobe da sassafe shi zan fara ɗinkewa.