Tarin Rasim

Mako bakwai ke nan da suka tsaga ƙirjinka a Trabzon,
suka zaro jijiya daga ƙaurinka
suka yi wa jini hanyar ratse,
suka ɗaure ƙashin da waya kamar shingen lambu.
Zuciya ta karɓi gyara. Tarin ne ya ƙi sallama.

Busasshe ne, babu majina,
kamar ana kankare gindin tukunya da cokali.
Jira yake in kashe fitila.
Sai ka rarumo jan matashin da asibiti suka ba ka
ka ƙanƙame shi yadda ban taɓa ganin ka ƙanƙame 'ya'yanmu ba,
don kada ɗinkin ya ji.

Kowa a Rize ya zama likita.
Yayarka Nezahat ta ce danshin teku ne
da ruwan saman garin nan da bai san gajiya ba,
ta dire mana kwalbar zuma.
Ɗanmu ya bugo daga Hamburg,
wai sigarin shekara arba'in ne ya zo karɓar bashi.
Kai ka ce bututun da suka zura maka a maƙogwaro
ne ya bar kaushi, shi ke nan, a ƙyale ka.

Ni ban ce uffan ba.
In ka yi barci nakan danna idon sawunka da yatsa
in ga ko ramin zai tsaya,
in taɓa goshinka,
in ƙirga matasan da kake ƙarawa a bayanka.
Na ji an ce idan zuciya ta gaza
ruwa kan hau huhu ba tare da ya yi motsi ba.

Ranar Talata Dakta Sevda ta ƙwanƙwasa bayanka
kamar mai zaɓen kankana.
Ta ɗaga hoton ƙirjinka ga haske:
ɗan ruwa a hagu, bai cika kofin shayi ba, za mu sa masa ido.
Ƙasan huhu ya lafe, don kana tsoron jan numfashi.
Ina abin zuƙar nan mai ƙwallo uku?
Yana kan firji, jikarmu ta mai da shi abin wasa.
Ƙwannafi fa, yana tashinka da dare?
Ka yi ƙarya. Na gyara.

Sannan ta zazzage ledar magungunanka a tebur
ta ware ƙwaya ɗaya, fara, 'yar mitsitsiya.
Ta hawan jini ce. Takan sa wasu tari.
Mu canza ta mu gani, in ji ta,
amma ban yi alkawarin ita kaɗai ce ba.

Yau kwana goma sha tara.
Daren jiya sau huɗu ka yi, na ƙirga,
shekaranjiya tara.
Ganyen shayinmu ya isa yanka a kan tudu,
almakashinka na rataye, ya fara tsatsa.
Ka tsaya a taga kana zuƙar abin nan,
ƙwallo biyu sun tashi,
ta ukun ta girgiza kawai.