Sifili Bisa Sifili

Ranar Talata, ana yayyafi a Porto,
Benedita ta turo ƙofar shagona da kafaɗa,
rungume da kwamfutar babanta
kamar mai ɗauke da tukunyar da ba ta huce ba.
Amílcar Seixas, likitan haƙori,
shekara talatin da ɗaya a bene na biyu, titin Almada.
Watan Maris ya rasu.

Ta ce, "Telmo, na goge komai da hannuna,
har kwandon sharar na zazzage.
Makarantar unguwarmu zan kai wa."

Na ce mata ta zauna.
Abin da kika yi, sunaye kika ɓamɓare daga ƙofofi,
masu ɗakunan suna ciki, ko takalmi ba su saka ba.
Minti tara na yi ina ƙwanƙwasawa, sai ga su:
hoton muƙamuƙin wani direban tarago,
turamen wata mata da ta biya rabi ta ɓace,
mai tsoron allura,
wanda jininsa ba ya saurin tsayawa,
lambar waya, lambar gida, ranar haihuwa.
Mutum dubu huɗu da 'yan kai, kowa baki buɗe,
cikin faifan da bai fi tafin hannuna ba.

Ta kau da kai. "Ba hurumina ba ne."
Ni ma ba nawa ba ne.

Amma can ƙasa, a lungu,
akwai wani fayil mai suna gwaji na uku.
Muka dubi juna. Na danna.
Tsoho ne ke gyaran murya,
yana lissafa kayan miyar kifin mahaifiyarsa:
albasa biyu, tumatir, dankali a yanka da kauri,
sai wani ganye, wani ganye,
ya ja tsaki, ya ce bari in tuna.
Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, kujera ta yi ƙara.
Daƙiƙa arba'in da biyu ke nan.

Ba ta yi kuka ba. Filashi ta tambaya.
Na ciro nawa daga zoben makullai, na ce ta riƙe.

Mutane sun ɗauka gogewa kwashewa ce.
Faifai bai san wofi ba.
Ba a ɗebe masa, sai dai a rubuta masa wani abu a kai,
don haka na saki sifili.
Sifili bisa direban tarago,
sifili bisa bashin da ba mai bi,
bisa tsoron allura, bisa gwaji na ɗaya da na biyu
da ba mu taɓa ji ba,
taki bayan taki, kamar mai shafe daɓe da baya da baya
har ya kai bakin ƙofa.

Awa shida aikin ke ci.
Koren layi yana rarrafe a fuskar allo.
Ta tafi, na gyara wayar wani ɗalibi,
na ci burodi da sadin a tsaye.
Tsuntsayen teku na ta faɗa a kan rufin maƙwabta.
Faifan na 'yar ƙara can ciki, ƙasa ƙasa,
irin ta mai taunar haƙora cikin barci.

Shekara goma sha tara ina wannan sana'a.
Na goge wa lauyoyi, na goge wa masu saki,
na goge wa wani da hannunsa ke rawa ban tambaye shi dalili ba.
Har yau idan layin ya kusa cika
sai in ga na rage sautin rediyo.

Ta dawo da magariba, lema na ɗiga.
Casa'in da takwas. Casa'in da tara.
Na sake ƙwanƙwasa ƙofofin don ta gani da idonta.
Ba kowa.

Ta sa hannu a takarda, ta sunkuci kwamfutar,
nauyinta na nan yadda ta zo da shi.
Har ta taka dakali sai ta tsaya, ruwa na dukan kwalin,
ta juyo ta ce,
"Na'ana'a ce. Ganyen nan. Na'ana'a."