Ƙullin Baba

Tarhon falo na da rai.
Ka ɗaga shi, ka ji gunjin nan nasa
kamar zuma ta tare a tulu.
Na ɗakin Inna kuwa, kwana tara ke nan,
ba ya cewa komai
sai wani ƙas-ƙas can ƙasa-ƙasa,
kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta.

Yau Juma'a.
Bayan isha'i Mainasara zai bugo daga Fatakwal,
gwiwar Inna kuma ta daina zuwa falo tun bara.

Na fara da mai sauƙi:
na cire nata, na kai falo, na jona.
Ya yi magana rangaɗau.
Ashe ba shi da laifi,
na goge masa ƙura, na ba shi haƙuri.

Na kwance soket ɗin bayan gadonta.
Sukurori biyu, ɗaya tsatsa ta cinye,
tagullar ta yi kore kamar bakin rijiya da damina.
Na kankare da reza, na ɗaure, na kasa kunne.
Gyaɗar dai ake ta soyawa.

"Sahabi, mi kaka nema bayan gado?"
"Muryar ɗanki, Inna."
"To duba da kyau, ƙila ta faɗa cikin kwalla."

Na murɗe bakin ja da na fari wuri guda,
na koma falo da mita.
Allura ta tashi, ta yi rawa, ta koma ta kwanta.
Ba a rabu ba ke nan, ba a kuma haɗu ba,
irin zumuncin da ba a tunawa sai da Salla.

Waya ba ta faɗin inda ke mata ciwo,
bin ta ake yi, taƙi bayan taƙi.
Ta bi ƙasan taga, ta haye ƙofa,
ta shige ramin da Baba ya huda da ƙusa
shekarar da aka haifi Ladidi.
Na zargi ɓera. Na zargi gara.
Na zargi 'ya'yan Ladidin ma, Allah Ya yafe mini.
Babu ko ƙwarzane.

Sai tsani.
Tsakanin silin da kwano zafi kamar tanda,
kashin jemage har wuyan hannu.
Na ja ciki da tocila a baki,
har daidai inda kwano ke yoyo.

Ga shi nan.
Ƙulli cikin baƙin salatif, ya kumbura, ya jiƙe.
Na warware, na gane hannun:
murɗa uku dama, ɗaya a komo baya.
Haka yake haɗa waya a tashar jirgi,
nan Ƙaura Namoda, inda dogo ya zo ya tsaya.
Shekara goma sha ɗaya da muka kai shi makwanci,
ƙullin na nan riƙe,
ruwa na ɗiga masa damina bayan damina,
bai saki ba sai bana.

Na daɗe da filaya a hannu.
Gumi na shiga mini ido, na ce gumi ne.

Na yanke taƙi guda kowane gefe.
Na fere roba da haƙori, abin da ya sha hana ni.
Uku dama, ɗaya baya,
yatsuna ba su ma shawarce ni ba.
Na janye sabon haɗin nesa da yoyo,
tsohon na jefa aljihu.

Inna ta kara a kunne, ta yi jim.
"Zumar ta dawo," ta ce.

Ana sallame isha'i ɗakuna biyu suka ɗauki ƙara.
Na ɗaga na falo, na ji ta riga ni:
"Mainasara, mi ya hana ka kira makon jiya?"
Yana ta rantsuwa ya kira.

Na aje nawa a hankali.
Hannuna na aljihu,
tagulla na tsikarin yatsana.