Ƙanƙara a Kan Dutsen Birni

Mushe Nomau ya ce a biyo shi.
Mu talatin da bakwai muka bar lakwal,
muka ratsa lungunan Birni
har dutsen da awaki ke kwana a gindinsa.
Bazara ce. Kwana tara famfon unguwarmu bai ce uffan ba.

Daga buhu, cikin dusar katako,
ya zaro ƙanƙarar dala arba'in ta Kasuwar Dole,
ya shimfiɗa tsakuwa a gangaren dutsen, ya ɗora ta,
ya ce kada wanda ya taɓa.

Can, in ji shi, inda taswira ta ƙare,
daidai inda ƙusa ta huda ta a bangon aji,
akwai tsibiran da ba su san itace ba,
ko aduwa ɗaya.
Ƙanƙara ta hau duwatsunsu ta zauna
tun Damagaram ba ta da suna,
kaurinta hasumiyar masallaci goma.
Kuma tafiya take.
A wajenta hawainiya mai gaggawa ce.
Tana jan ciki, tana niƙa dutse kamar gero,
tana haƙa kwari, teku ya shigo
ya zura yatsunsa cikin ƙasa.
In ta kai gaɓa sai ta karye da ƙarar aradu,
gutsattsarinta su bi ruwa, fari fat,
wani ya kai girman Zango.

Wata huɗu rana ba ta faɗuwa.
Tsahara ta ɗaga hannu:
to da azumi yaushe suke shan ruwa?
Ya yi dariya har da tari,
ya ce wannan sai malamai.

Muka waiwaya. Ƙanƙarar ta gusa,
taƙi ɗaya, ko bai kai ba,
ta bar siririn zane a jikin dutsen,
jiƙaƙƙe, yana bushewa muna kallo.
Ga kwarinku nan, in ji shi.

Ban ji sauran ba.
Ina can ina lissafin
jarka nawa ke cikin tsibiri guda,
kura nawa 'yan ga-ruwa za su tura.

Ya farfasa ragowar, kowa ya samu kamar goro.
Tawa na dunƙule don in kai wa inna,
na isa gida da jiƙaƙƙen hannu.

Bara aka binne shi.
Jiya na hau dutsen, na durƙusa ina neman zanen.
Wata akuya ta tsaya tana kallona.