Hagu Nake Faɗuwa

A Ƙofar Marusa, bakin shagon gyaran fanka,
jikansa ya miƙo waya: "Kaka, ga ka nan."
Lado ya goge tabarau da bakin riga.

Samari uku ne, sun huda kwalin taliya
sun leƙo ta ciki, wai akwatin talabijin.
Ɗaya ya liƙa gemun auduga da ƙaro,
ya cusa matashi a ciki, ya karkace hula,
yana jan "To, madalla!" kamar akuya ta shaƙe.
Sun cire launi, sun sa hoton yana rawa,
har da ɗauke wuta a tsakiyar magana.

Da can, daren Laraba, unguwa kan taru
gidan mai akwati, yara bisa katanga.
Mai tsire ma yakan bar wuta ta ci nama
in Lado zai faɗo daga kujera.

Yanzu mutum dubu tamanin sun yi dariya,
wasu na tambaya ko yana da rai.

Ya kalla sau biyu. Bai ce uffan ba
sai da mai gemun ya tuntsura dama.
"A'a. Hagu nake faɗuwa.
Gwiwar dama tun a hanyar Jibiya ta goce,
shekarar da motarmu ta kife.
Kuma ba a faɗuwa da gaggawa,
sai mai kallo ya fara tausayinka."

Ya mayar da waya, ya jawo wata fanka.
"Ka ce su zo ran Asabar.
Su taho da kujera. Tawa na sayar."